Tsohuwar Rauta a Ɗakin Baba

Tun da ciwon gwiwa ya sauko da Baba daga bene zuwa ɗakin baya, wayifai ɗin gidan bai taɓa leƙa shi ba. Auta ce ta matsa daga garin da take aure, wai muryar Baba ba ta isarta, fuskarsa take son gani. Shi ya sa ran Asabar da hantsi Injiniya, ɗan Baba, ya zaro tsohuwar rauta, na'urar raba wayifai, daga bayan kabad, ya busa mata ƙura. Ba injiniyan komai ba ne, ma'aikacin ofis ne. Baba ne ya laƙa masa sunan tun yana ƙarami, lokacin da ya kwance rediyon gidan ya kasa mayarwa.

Aikin ba wuya. Ya ja kebul daga sabuwar rautar falo, ya bi gindin bango yana kafa ƙusoshi, ya soka a bayan tsohuwar. Ya buɗe laftof ya hana ta raba wa wayoyi adireshi, don kar shugabanni su zama biyu a gida ɗaya. Ya ba ta suna da kalmar sirri irin na falo. Da ya bi ƙa'ida, da ya fara danna ɗan maɓallin da ke goge komai. Amma gwani ne, ya tuna tsohuwar kalmar shiga, me zai goge?

Wayarsa ta kama. Ta matarsa ma ta kama. Baba ya laluba ƙarƙashin katifa ya fito da babbar wayarsa naɗe a hankici, aka sa mata caji, aka kunna. Ta ƙi.

"Ai na gaya muku," in ji Baba. "Shekara guda ke nan tana fushi da ni. Ina jin wani wurin na taɓa da waɗannan yatsun nawa. Sau uku na kai wa mai gyara, yana cewa lafiyarta ƙalau."

Injiniya ya koma kan laftof yana bincike, har ya faɗa shafin wayoyin da aka toshe a tsohuwar rautar. Guda ɗaya ce a ciki, kuma da hannunsa ya rubuta mata suna: Baba.

Ya tuna ranar sarai. Yana taron ofis ta bidiyo, hoto na tsinkewa, Baba kuwa na sama yana hira ta bidiyo da Auta da jikoki. Ya ce bari ya toshe shi na awa ɗaya. Awa ta zama mako, don sabis ya yi daɗi. Da Baba ya kawo ƙara, sai ya juya wayar a hannu ya ce, "Ta tsufa ne, Baba." Daga baya ma ya manta. Da wannan gwiwar tsohon ya yi ta tattaki zuwa shagon mai gyara.

Ya karkatar da laftof ɗin kar matarsa ta gani, ya goge sunan. Minti biyu ba a yi ba fuskar Auta ta cika wayar, tana ihu tana kuka. Baba ya kai wayar kusa da hancinsa yana dariya, ya ce, "Yayanki ne ya gyara. Abin da ya gagari mai shago!"

Kunya ta hana Injiniya ɗaga kai. Ya shiga naɗe ragowar kebul, ya kwance, ya sake naɗewa.

Da aka gama wayar, Baba ya kamo hannunsa ya riƙe gam.

"Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka kamar yadda ka yi min."

"Amin, Baba," in ji matarsa daga bakin ƙofa, tana shafa cikinta ɗan wata bakwai.

Baba bai saki hannun ba. Ya leƙo fuskarsa.

"Injiniya, ban ji ka ce amin ba."