Albasar Alhaji Kalla

Wata bakwai Faruƙ ya yi yana son Shafa'atu, ɗiyar Alhaji Kalla dillalin albasa na Sabon Gida, amma ko ƙofar gidansu bai taɓa tsayawa ba. Sana'arsa ce ta karya masa gwiwa. A wani ɗan butik a Madawa yake wuni da maneti, abin sarrafa wasan bidiyo, a hannu, yana buga balo, wato ƙwallo, na talabijin kai tsaye, jama'a na kallo ta salula. Wane uba ne zai ba irinsa izinin hira?

Sai ya yi dabara. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji, ya ce ran Lahadi zai yi wasan awa shida, a bar shi ya yi wa albasa talla. Alhaji ya ce shi yabon baki bai gamshe shi ba, mai yabon albasa sai ya ci ta. Aka shirya: duk ƙwallon da Faruƙ ya ci, zai gatsi ɗanya gaban kamara, ya ambaci mai ita. In ya kai ƙarshe, ya zo gida a yi magana.

Faruƙ ya fito yana murmushi, don ya san kansa, da wuya ya ci uku a wuni. Har ya ƙara da tallan furar Inna Biba lokacin hutu.

Ran Lahadi da hantsi, wanda Alhaji ya turo su kara Mukhtar ne, wan Shafa'atu. Shi kuwa ya gane kowace ƙwallo talla ce ga babansa, sai ya janye mai tsaron gida ya tafi da shi yawo tsakiyar fili. Kafin azahar Faruƙ ya ci goma sha tara. Ya koma harba ƙwallo waje, Mukhtar ya ɗauko ya ci gida da kansa, ya ce ai wannan ma ci ne.

Hawayen Faruƙ na zuba, hanci na zuba. Inna Biba ta bugo waya tana faɗa, wai ya sha furarta yana kuka, mutane za su ce ta yi tsami. Ya ɗaga ƙwarya ya rantse da daɗinta.

Yana shirin aje maneti, sai saƙo ya bayyana cikin na 'yan kallo. Shafa'atu ce, kalma guda: “Daure.” Ya ji zuciyarsa ta narke. Ya jawo wata albasa ya gatsa kamar mangwaro.

Da la'asar Alhaji ya sauka daga kabu-kabu, fuskarsa a sake. Ya ce tun daga Tamaske ake kiransa, ana neman albasar nan mai sa ƙato kuka. Faruƙ ya matso zai gaishe shi. Alhaji ya ja da baya, ya rufe hanci da bakin rawani.

“Na ba ka izini, ɗana,” ya ce. “Amma kada ka zo sai ran Alhamis.”