Ranar da Aka Juya Titi

Lyman Hargrove ne ya kashe Zelma Naquin. Bai taɓa ta da hannu ba, ƙila ko fuskarta ba zai tuna ba, amma shi ne. Haka yayarta Eulalie take faɗa wa duk wanda ya tsaya, ba kuka, ba ɗaga murya.

Hargrove shi ne wanda hukuma ta ɗauko ya tsara yadda za a kwashe mutanen bakin teku in mahaukaciyar guguwa ta taso. Ya shigo unguwarsu tun kafin lokacin guguwa, yana bin gidajen bakin rafi da tambaya. Ya tarar da 'yan'uwan biyu a baranda suna ɓare jatan lande, Zelma da robar iska a hanci, na'urar numfashinta tana gurnani a jikin soket.

"Akwai mota a gidan nan?" in ji shi.

"Makaho ne kai?" Eulalie ta nuna a-kori-kurar ɗanta Clovis da haɓa.

"Yaya, ki bar yaron mutane," in ji Zelma. "Ɗan nan, kana da aure? Tsohuwar nan tana nema."

"Rufe min baki, ke da numfashin ma aro kike yi."

Ya yi dariya, ya sha kofinsu, ya wuce gaba. Kowane gida ya ce akwai mota, domin akwai. Ya je ya zuba wa kwamfuta, kwamfuta ta ce unguwar nan ba ta buƙatar bas. Bai tambayi ina motar take zuwa ranar guguwa ba.

Ko jariri a bakin rafin nan ya san amsar. In aka ce guguwa ta doso, maza sukan tuƙa jiragen kamun jatan lande can saman rafi, su ɗaure su a inda ruwa ba ya hauka. Motoci su bi su ta titi da igiyoyi, in an gama ɗauri su dawo tare a kwashi mata da tsofaffi. Jirgi shi ne abincin gida, shi ake fara tsirarwa. Tun kakanni haka ake yi, kuma kullum ana dawowa.

Da safen ranar guguwar Clovis ya leƙo kicin. "Mama, ku shirya kaya, ina ɗaurewa zan juyo."

"Ka juyo da burodi," in ji Zelma. "Uwarka ta cinye."

Ba su san tsarin Hargrove ya ce a juya titi ba. Duk hannun shiga aka mayar da shi na fita, don kada motoci su cunkushe. Clovis ya gama ɗauri, ya juyo a motarsa, ya tarar da shinge da 'yan sanda a bakin gada. Ya roƙa, ya yi zagi, ya ce uwarsa da ƙanwarta suna ciki. Suka ce bas zai ɗauko waɗanda ba su da mota.

Eulalie ta fito da jakunkuna baranda, ta turo Zelma a keken guragunta bakin ƙofa. Suka zauna suna kallon titi. Matan maƙwabta ma suna tasu barandar. Da iska ta tsananta suka koma ciki. Wajen azahar wuta ta ɗauke, na'urar ta yi shiru. Akwai ƙaramar tukunyar iska ta tafiya, Eulalie ta haɗa mata.

"Yaya, zauna mana. Zirga-zirgarki tana sa ni jiri."

Ta zauna. Ruwa ya shigo ya rufe musu idon sawu. Tukunyar ta ƙare. Zelma ta daɗe tana jan abin da babu, sannan ta daina. Eulalie ta gyara mata wuyan riga, ta ɗora mata ƙafafu a kan kujera don kada su jiƙe. Haka Clovis ya same su da ya shigo da kwalekwale bayan iska ta lafa.

Bayan an binne waɗanda za a binne, hukuma ta kira taro a zauren coci. Hargrove ya rataya taswira mai jan layi da kore, ya ce tsarin ya yi aiki, titi bai toshe ba, kusan kowa ya fita. Wasu suka tafa.

Eulalie ta miƙe. Clovis ya kama hannunta, ta fizge.

"Mista Hargrove, ni ban yi boko ba, zanenka ban gane shi ba. Ka ce muna da mota, ka hana mu bas. Motar ta juyo, ka tare ta a gada. To da me ka so mu fita?"

"Madam, ina miki ta'aziyya. Lissafin ya dogara ne da abin da mutane suka faɗa mana. Kwamiti zai duba."

"Kwamiti bai sha kofi a barandata ba. Kai ka sha. Ka gan ta da roba a hanci, har ta yi maka wasa."

Ya sunkuya ya fara naɗe taswirarsa. Ta taka a hankali ta tsaya a bakin ƙofa, jakarta a rungume.

"Ajiye takardar nan. Sunanta Zelma Naquin. Ka faɗe shi da bakinka a gaban mutanen nan, sannan ka gaya mana wa zai ɗauki alhakin mutuwarta. In ba kai ba ne, nuna min shi. Ba inda za ni."