Fijon Baba Labaran

"Riƙe da kyau, Tawfiƙ, ba buhun albasa ka ɗauko ba," in ji Baba Labaran daga kan benci, hannunsa dafe da ƙirji. "Sauke shi a hankali. Yauwa. Can kan tabarma, gefen hagu."

Tawfiƙ ya ajiye kan injin, wanda makanikai ke kira tof-silinda, a inda aka nuna masa. Daga wurin masu gogewa ya ɗauko shi a bayan okada, yana ta ƙyalli kamar sabon faranti. Tawfiƙ makanike ne, garejinsa na unguwar Mokola, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Baba Labaran. Tun da injin Fijon tsohon ya buga, kullum ya tashi daga aiki sai ya zo wannan rumfa ta ƙofar gida, su baje ƙarafa su yi ta fama har a kira magariba.

Babu wanda bai san motar ba a Sabo, unguwar Hausawan garin. Doguwar Fijo ce mai faɗin baya, wadda Baba Labaran ya yi jigilar goro da ita a zamanin ƙarfinsa. Da ya bar goro sai ya cire kujerun baya, ya mayar da ita motar kai gawa. Maƙabarta ta yi wa unguwa nisa, ga cunkoson hanya, don haka duk gidan da aka yi rasuwa shi ake fara bugawa ƙofa. Bai taɓa karɓar ko na mai ba. Uban Tawfiƙ ma a cikinta aka kai shi.

Amma ranar da injin ya buga, unguwa ta zama kurma. Kowa ya wuce sai ya leƙa rumfar ya ce, "Sannu da aiki, Baba, Allah ya tayar da ita," ya gyara hula ya ƙara gaba. Addu'a kam an sha ta. Alhaji Abdulfatah, mai manyan shaguna a kasuwar Shasha, wanda Fijon ta kai mahaifiyarsa da ɗansa na fari, ya tsaya wata rana ya daɗe yana kallon ƙarafan.

"Baba, wannan ai ta gama aikinta. Ka sayar wa 'yan gwangwan ka huta. In an yi rasuwa ba sai a ɗauki haya ba?"

"Lokacin da ta ɗauki Hajiya ba ka ce ta tsufa ba," in ji Baba Labaran, bai ko ɗaga kai ba.

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya shiga motarsa mai sanyi. Tawfiƙ ya ji abin har cikin ransa, ya yi tsaki a fili.

Haka suka ci gaba da lallaɓa aikin da ɗan abin da ke hannu. Fistin ɗin suka wanke da kananzir suka mayar, ringi kawai suka saya sabo. Sauran kuwa tokumbo ne, wato na hannu, Tawfiƙ ya yi ta tono su a kasuwar kayan mota ta Gate, yana ciniki da Yarabanci har muryarsa ta dushe. Gindin injin ya haɗu, an ɗora shi cikin mota. Abin da ya rage shi ne a rufe shi da tof-silinda, a ɗaura kafireto da sauran ƙananan kaya. Duk suna jere a tabarma, kowane noti kusa da ɗan'uwansa, an lulluɓe su da tsohon zanen Inna Mairama, matar Baba.

Sai dai ƙirjin tsohon ya fi injin lalacewa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya nemi numfashi.

"Saura gaskit," in ji shi, yana shafa kan injin da tafin hannu. Shi ne shimfiɗar da ake sawa tsakanin gindin injin da tof-silinda.

"Baba, tsohon bai ƙone sosai ba. Mu shafa masa gam mu mayar kawai. Yau ɗin nan sai ta tashi."

"A'a. Komai na yarda da na hannu, ban da gaskit. Ka taɓa ganin motar gawa ta tsaya a Mokola tana hayaƙi, mutane na turawa? Ni na gani, ta wani ce. Ba za a yi da tawa ba."

"Irin nasa ya yi wuya, Baba. Mutumin Gate kullum sai ya ce gobe."

"To, mu jira goben." Ya maida numfashi, sannan ya nuna bayan motar da haɓa. "Cikin sa'o'ina na layin nan, ni kaɗai ne ban kwanta a can ba. Kowa na kai, ina gaba ina tuƙi. Ina so in ji yadda take daga baya. Kai za ka tuƙa, kuma kada ka yi gudu, ka san halinka."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar manya ce. Ka yi alkawari?"

Tawfiƙ ya yi. Wannan magana ta zauna masa a zuciya, ta hana shi sakat.

Ranar da mai kayan ya kira ya ce an samu, Tawfiƙ bai ko buɗe gareji ba, ya hau okada da sassafe. Yana tsaye a shagon, gaskit ɗin a hannunsa cikin kwalinsa, wayarsa ta yi ƙara. Inna Mairama ce. Ba ta yi kuka ba, ta ce kawai, "Babanka ya cika, Tawfiƙ. Bayan la'asar za a kai shi."

Ya yi salati, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Daga nan ya duba rana. Hantsi bai gama ɗagawa ba. Ɗora tof-silinda da ɗaure kafireto ba aikin yini ba ne ga wanda ya san hannunsa, balle komai na jere yana jira. Kafin azahar za ta tashi.

"Oya, Sabo! Abeg ka taka," ya ce wa mai okada.

Tun daga bakin layi ya ga mutane. A Sabo ba a wasa da makoki: kafin a gama wankan gawa an share ƙofar gida, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. An yi hakan kuwa, tsaf. An tura Fijon can bakin kwata. Rumfar ta cika da dattawa, kowa da ledar ruwa a hannu, wasunsu zaune a kan tabarmar da aka jera kayan injin a da.

"Ina kayan da ke nan?" Muryarsa ta fita fiye da yadda ya so.

Alhaji Abdulfatah ne ya taso, carbi a hannu, ya kama kafaɗarsa. "Yi a hankali, gidan rasuwa ne. Tarkacen? Ai ni na sa aka kwashe. Ina mutane za su zauna? Mai gwangwan na wucewa da kurarsa, aka ba shi. Abin da ya bayar aka sayo ruwa da shi, sadaka ce ga mamacin."

"Wane mai gwangwan? Ina ya bi?"

"Wa ya sani? Su da yawa ne. Kada ka damu da mota, na kira ɗaya daga cikin nawa daga Shasha."

Tawfiƙ ya bazama. Ya bi layi-layi har Mokola, ya shiga duk inda ake auna ƙarfe, yana tambaya da Hausa, da Yarabanci, da Turancin kasuwa. A wuri na ƙarshe ya sami tof-silindar. An riga an sa masa guduma don a raba alminiyon da ƙarfe, ya rabe gida biyu. Mai wurin ya dube shi ya ce, "Oga, na kondem ne ai."

Bayan la'asar aka sallaci Baba Labaran. Motar Alhaji ta zo, a-kori-kura ce mai warin albasa, da ɓawon a manne a ƙasanta. Aka share da tsintsiya sama-sama aka ɗora makara. Direban yaro ne mai sauri, yana son komawa kasuwa, ya yi ta faɗawa ramuka makarar na tsalle. Tawfiƙ na tsugune a baya ya riƙe ta da hannu biyu. A gefensa wani yana cewa, "Allah ya saka wa Alhaji, ya rufa asiri."

Da aka dawo, rumfar ta sake cika. Ana ta yabon mamaci: mutumin kirki, ya yi wa Sabo hidima, ba za a sake irinsa ba. Tawfiƙ bai zauna ba. Wani ya miƙo masa ledar ruwa, ya kalle ta ya wuce.

Inna Mairama ta aiko a kira shi zaure. Tana bayan labule ta ce, "Da safen nan sai da ya tambaya ko ka tafi Gate. Na ce ka tafi. Ya ce to alhamdu lillahi." Ta miƙo masa zanen da aka lulluɓe kayan da shi, an ninke. "Wannan kaɗai suka maido mini."

Hadari ya haɗo, an fara yayyafi. Ya je bakin kwata ya ɗaga bonet. Ramukan injin na nan a buɗe, fistin ɗin da suka wanke da kananzir suna ƙyalli a ciki. Ya zaro gaskit ɗin daga kwali ya ɗora. Ya zauna daidai, kowane rami a kan raminsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya warware zanen ya lulluɓe, ya sauke bonet ɗin a hankali don kada ƙarar ta dami masu zaman makoki.