Gwiwar Shaho

Shekara ashirin da shida Koci ya yi yana horar da 'yan ƙwallon kwando, kuma ba ka isa ka shiga ofishinsa bai nuna maka kofin nan na kan kabad ba. Abin da ba ya nunawa yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin usur: wata takardar likita mai layi uku.

Takardar ta Shaho ce. Shaho a zamaninsa, in ya yi tsalle sai ka rantse ba zai sauko ba. Saura kwana biyu wasan ƙarshe likita ya duba gwiwarsa, ya rubuta cewa in ya buga jijiya za ta tsinke. A lokacin kuwa shugabannin ƙungiya sun gaya wa Koci ƙiri-ƙiri, ko kofi ko sallama. Mutumin naku ya ninke takarda, ya dafa kafaɗar Shaho, ya ce ɗan targaɗe ne kawai.

To, kofi ya samu. Saura minti huɗu a tashi Shaho ya zube ƙarƙashin kwando, bai sake buga wasa ba. Yau shekara goma sha ɗaya shi ke tuƙa bas ɗin ƙungiya, yana ɗingishi, kullum da "Koci, an tashi lafiya?" Gaisuwar nan ta fi zagi ciwo. Ko a bas Koci can baya yake zama, wai ya fi son iska. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Da zai ajiye aiki aka shirya masa taron ban kwana, kuma don ƙaddara, Shaho aka zaɓa ya yi jawabin yabo. Nan fa Koci ya ji ba zai iya zama a yabe shi da wannan bakin ba. Ranar taron da safe ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauko takardar, ya iske Shaho a bayan filin wasa yana wanke bas.

Ya yi ta kame-kame, sannan ya miƙa masa, ya faɗi komai, idonsa na kan tayar mota. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Shaho ya goge hannu da tsumma, ya karɓa. Ko buɗewa bai yi ba.

"Ai likita ya gaya mini tun ranar, Koci."

"To me ya sa ka buga?"

"Kai ka ce in buga. Amma duk sanda aka hura usur sai na waiga benci, ina jiran ka ce in fito."

Shaho ya mayar wa Koci da takardar, ya ɗaga bokiti, ya ce ya ɗan matsa kada ruwa ya ɓata masa takalmi, yau ranarsa ce.