Gida Mai Nisan Minti Goma

Dillalin nan maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta raba mutane da aikinsu. Duk gidan da ya nuna maka, ko a bayan duniya yake, sai ya ce, "Minti goma ne zuwa tsakiyar gari." Har sunan ya bi shi, kowa Minti Goma yake ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Dabararsa ɗaya ce: ba ya kai kowa ganin gida sai ranar hutu da tsakar rana, lokacin da titi yake fayau. Mutum ya biya kuɗin shekara, ya kwaso kaya ya tare, sai ranar Litinin ya gane abin da ya jawo wa kansa. Shi kansa dillalin bai taɓa taka unguwannin nan a safiyar aiki ba.

Wata Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe, ga shi tsaye a ƙofar wani gida a ƙarshen gari yana kaɗa makullin mota, yana duba agogo. Mai Sito ne ya fito da shi. Mai Sito shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar magani a babban asibiti. In bai buɗe ƙarfe takwas ba, layin marasa lafiya ke tsayawa. Takardar gargaɗi biyu aka ba shi kan makara, ta uku kora ce. Gidan da suke haya kuma rushe shi za a yi a ƙarshen wata a gina shaguna.

Gida biyu ne a gabansa. Wannan na ƙarshen gari ɗaki uku ne da tsakar gida da bishiya, ga araha. Ɗayan ɗaki biyu ne ƙanana a saman bene, bayan katangar asibiti, kuɗinsa ya kusa ninka na wannan. Matarsa tela ce, tun jiya da ta ga tsakar gidan nan zuciyarta ta zauna. Har ta zaɓi inda za ta ajiye keken ɗinki. Mai Sito bai yi mata musu ba, sharaɗi kawai ya kafa wa dillali: shi ya riga ya ɗauki izinin rabin yini a wurin aiki, dillali ya ɗauke su daga ƙofar gidan a daidai lokacin da zai riƙa fita aiki, ya kai su asibiti. In sun isa da wuri, a nan zai biya.

"Malam, ka cika bincike," in ji Minti Goma yana buɗe musu ƙofa. "Don dai kai ne. Ƙarfe takwas ina da ganawa da wani babban mai gidaje, sabon bene ya gama mai gida ashirin da huɗu, ni zai danƙa wa. Ku shiga mu tafi, har shayi za mu sha a hanya."

"Baban yara, ka wahalar da bawan Allah a banza," in ji matar. Ta juya ta sake kallon bishiyar.

Farkon tafiya lafiya lau. Dillali yana tuƙi yana lissafa alherin unguwar, iska mai kyau, ruwa ba ya yankewa. Suna karya kwana zuwa babban titi ya taka birki. Motoci ne jere iya ganin ido, manya da ƙanana, duk sun nufi gada ɗaya tak da ke shiga gari. A gefen gadar manyan motocin kaya sun cinye rabin hanya suna sauke buhuna.

"Haɗari aka yi," in ji shi. "Ba a saba haka ba."

Mai Sito ya sauke gilashi ya tambayi wata mai sayar da ruwa ko haɗari aka yi.

"Wane haɗari, Baba? Ai yau da sauƙi ma."

Ƙarfe bakwai da kwata ba su wuce gidan man da suka gani tun bakwai saura ba. Dillali ya ce ya san wata ɓoyayyiyar hanya ta bayan makaranta. Ya kutsa lungu da ƙyar, ya tarar duk garin sun san ɓoyayyiyar hanyar. Ga mota a gaba, ga mota a baya, babu wurin juyawa. Rabin awa suka yi kafin lungun ya sake tofo su kan titin da suka baro.

A nan wata bas ta tsaya daf da su, cike maƙil. Wani mutum da rigar masu gadi yana maƙale a ƙofa, ya leƙo ya ƙura ido.

"Kai! Minti Goma! Yau kai ne a hanyarmu? Jama'a ku zo ku ga ikon Allah!"

Dillali ya yi kamar bai ji ba.

"Ɗago kai mana, ranka ya daɗe! Minti nawa ya rage?" Mutanen bas suka fashe da dariya. Mai gadin ya dubi Mai Sito. "Ɗan'uwa, gida ya nuna maka? Ni ma shi ya sa ni a nan bara. Yau makara na yi, amma kullum tun duhu nake fita. Autata ta fara tafiya wata biyu ban sani ba, sai a waya aka nuna min. Abin da na rage a haya, kuɗin mota ya cinye har da ƙari."

Bas ta ja gaba taku uku ta tsaya. Mai Sito yana kallon agogon gaban mota lokacin da ya cika takwas daidai, ko gadar ba su hau ba. Bai juya ya dubi matarsa ba, don ba ya son ta ga kamar yana murna.

Ita ce ta yi magana. "Baban yara, da yau ranar aiki ce a wurinka, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Buɗe min ƙofar nan."

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji dillali, gumi na bin wuyansa, wayarsa na ta ƙara. "Zan sa a rage muku wani abu. Ku tuna tsakar gidan nan."

"Na tuna. Ni da wa zan zauna a cikinta? Da bishiya?"

Suka sauka suka haye gadar da ƙafa, suna wuce motocin ɗaya bayan ɗaya. A can gaba suka sami bas da ta kai su asibiti tara da rabi.

Mai gidan benen bayan asibitin wata tsohuwar malamar jinya ce da ta yi ritaya, ba ta hulɗa da dillalai. Ta hau da su tana hutawa a kowane mataki na biyar. Ɗakunan ƙanana ne ƙwarai. Matar ta ciro tef ɗin awo daga jaka, ta auna bango, ta auna ƙofa, ta ce kabad ɗinsu ba zai shiga ba, sai dai a sayar. Kicin ɗin mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Yara uku kuma sai gado mai hawa. Mai Sito ya tsaya yana jin nauyin abin, ga kuɗin da zai sa su ɗaure ciki wata da watanni.

Amma tagar ɗakin gaba babba ce, haske na zuba har ƙasa. Matar ta tsaya a wurin ta buɗe hannu daidai faɗin kekenta.

"Ɗinki kike yi, 'yata?" in ji tsohuwar. "To kin huta. 'Yan matan asibitin nan kullum neman mai rage musu kayan aiki suke, har ƙetaren gari suke kaiwa."

Mai Sito ya leƙa ta tagar. Ga rufin ɗakin maganinsa can, ga ƙofar baya da yake shiga.

"Minti nawa ne daga nan, Mama?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Sauka ka gwada ƙafarka."

Ya sauka ya je ya taɓa ƙofar ya dawo. Ya tarar matarsa ta cire mayafi, ta karɓi tsintsiya tana share ɗakin.

"Ka riƙa dawowa cin abincin rana ke nan," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Kada ka saba, ba kullum zan dafa ba."

Minti Goma kuwa, motarsa ta yi zafi ta mutu a tsakiyar gada, sai da aka tura ta. Ya isa wurin ganawarsa sha biyu saura. Mai sabon benen ya riga ya ba wani dillali gidajen ashirin da huɗu, ya kuma ce wa mai gadi kada a bar shi ya shigo.