Rijista ta Sha Huɗu

Ni da nake koyar da ɗinki, me ya haɗa ni da asambula, yaren da ake umartar babbar kwamfuta da shi? Baba ne. Ƙuruciyarsa kaf a ɗakin sanyi ta ƙare, gaban injin da ya fi kabad girma. Yanzu mantuwa ta kama shi. In na shiga ɗakinsa sai ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Wallahi maganar nan ƙona ni take. Ni dai so nake ya dube ni ya gane ni, ko sau ɗaya.

Da na ce zan koyi yaren, yayata ta yi mini dariya. "Ke da ko rimot sai an danna miki!" Na ce ta zuba ido.

Wani tsohon abokin aikin Baba ne ya yarda ya koya mini. Baƙin allo, koren rubutu, ga rijistoci sha shida, wato 'yan ma'ajiyan da injin ke riƙe lamba a ciki. Ɗauko, ajiye, tara, tsallaka. Kai, na sha wuya! In ka kuskure wuri ɗaya, shirin umarnin da ka rubuta ya faɗi warwas, injin ya amayo maka shafukan lambobi.

Da na rubuta shirina na farko, ya ƙi ƙarewa lafiya. Na buga shi a takarda na kai wa Baba da hantsi, yana zaune bakin taga.

Ya karɓa a sanyaye. Can sai na ga yatsansa na bin layi, bayansa ya miƙe. Ya ce, "Biro." Na miƙa masa.

"Wane sakarai ne ya koya miki? Rijista ta sha huɗu ita ke riƙe da adireshin komawa. Kin zuba mata lissafi ba ki adana na ciki ba. In ya gama aiki, ina zai koma?"

Muryarsa ce ta da, har da tsakin. Na yi kewar faɗan nan kamar me. Na matso na durƙusa, na ce, "Baba, dube ni."

Ya dube ni sosai, ya yi murmushi. "Kina da kai, yarinya. Gyara ki kawo gobe. Amma ki zo da wuri, kafin autata ta taso daga makaranta. In ta dawo ba na kula kowa."

Na ce, "To, Yallaɓai, zan zo da wuri."

Ni ce autar.