Ɗanyen Reshe a Hanyar Gona

Wata uku ke nan Tiyamike, manajar sashen gabas, ba ta iya tuƙi cikin gonar shayin da natsuwa. Ko reshe ɗaya iska ta yar a hanya, sai ƙafarta ta danne birki.

A ƙauyukan Thyolo in an yi rasuwa, ɗanyun rassa ake shimfiɗawa a titi, mai keke ya sauka, mai mota ya lallaɓa. Ita kuwa wata rana, ganye na jiran awo, ta bi ta kansu a guje. Sai da yamma ta ji ɗan Eneless ne ya rasu, wata mai tsinkar ganye da ta roƙi izinin kai shi asibiti, Tiyamike ta ce ta bari sai Asabar.

Tun daga nan duk wanda ya nemi hutu sai ta sallame shi kafin ya rufe baki. In 'yarta ta yi tari da safe, ranar ba ta jin abin da kowa ke faɗa.

"Ke da ake misali da ke," in ji babban manaja Makwinja, "yanzu sashenki ne a wutsiya. Zuwa Juma'a ki dawo hayyacinki, ko in nemi wani."

Tiyamike ta iske Eneless a tsakiyar layi, kwando a baya.

"Yaya, ban zo miki gaisuwa ba. Kunya ta hana ni."

"Na lura." Hannun Eneless bai tsaya ba. "Yau mutum nawa kika sallama, uwar ɗakina?"

"Tara."

"Har da Sitolo, mai kakar da ta mutu sau uku. Mu ke tsinkar layinsu. Bayana kamar zai tsinke."

"Tsoro nake kar in sake..."

"Ni da kin tambaye ni kwana nawa yake zazzaɓi, da ya isa."

Washegari mutum bakwai suka zo neman hutu. Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ta sallami biyu, ɗaya ma ita ta kai ta asibiti da jaririnta. Sauran suka koma layi suna gunaguni.

Juma'a ta zo ta wuce, Makwinja bai kira ta ba. Eneless kuwa har yau in sun haɗu, ganyen take kallo.